Yadda Ake Shuka Furen Akiliya a Zariya Ya Yi Shekaru a Lambu

Akiliya tsiro ce ta ƙasashe masu sanyi, tana fitowa da kanta a makiyaya da gefen hanyoyi a Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, kuma dangi ɗaya take da shuwaka da latas da tazargade. Wanda ya je neman irinta zai tarar an rubuta Yarrow a jikin takardar, ko kuma Achillea millefolium, sunan da masanin tsirran nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya ba ta a shekarar 1753. Ganyenta a tsattsage yake ƙanana-ƙanana, ya fi na karas laushi, kuma yana da ƙamshi mai ɗaci-ɗaci idan an murza shi. Tsawonta yakan kai santimita 30 zuwa 90, kuma a ƙarshen kowane kara ƙananan furanni masu yawa suke haɗuwa su yi kai guda mai faɗi, fari a irin daji, ja ko ruwan hoda ko ruwan ɗorawa a irin da masu lambu suka inganta. Ba ta mutuwa bayan ta yi fure, domin saiwarta tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sabon toho, saboda haka shuka ɗaya takan yi shekaru a wuri guda.

Babban amfaninta ga mai lambu yana cikin yadda furen yake. Kowane ɗan fure gajere ne, ruwan zaƙinsa yana kusa da baki, don haka ƙwarin da bakinsu ba ya kaiwa cikin fure mai zurfi suna samun abinci a kansa ba tare da wahala ba. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna zuwa, amma waɗanda suka fi amfani su ne ƙudajen nan masu zanen rawaya da baƙi da ke tsayawa cak a cikin iska, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka rina ce, alhali ba sa harbi, kuma tsutsarsu ƙwarin darɓa take ci, wato 'yan ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye. Haka nan ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi, da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke saka ƙwai a jikin tsutsar da ke cin ganye, duk suna sauka a kan akiliya. Mai kankana da kokwamba da kabewa, waɗanda furen namiji daban na mace daban, yana buƙatar ƙwari su yi masa barbara, haka ma mai barin albasa ta yi iri. Tumatir kuwa yana barbarar kansa, ribarsa a nan ita ce ta masu cin ƙwari kawai, kuma kada wani ya ɗauka layin fure guda zai raba shi da duba gonarsa.

Duk bayanin da ake yi a kan akiliya yana yabon juriyarta: tana jure fari, tana jure ƙasa marar ƙarfi, tana jure sanyin ƙanƙara. Biyun farko suna da amfani gare mu, na uku kuwa ba ruwanmu da shi. Abin da bayanan ƙasashen waje ba sa faɗa, domin ba matsalarsu ba ce, shi ne abubuwa biyu da ke yanke hukunci a Zariya, wato tsawon darenmu da ruwan watan Agusta. Wanda ya shirya wa waɗannan biyun ya gama rabin aiki tun kafin ya buɗe takardar iri.

Tsawon dare

Manomin ƙasar Zazzau ya san cewa dawa 'yar gida, kamar farfara da kaura, ba ta fitar da kai sai damina ta doshi ƙarshe, ko an shuka ta da wuri ko an makara, saboda tana jiran dare ya ƙara tsawo ne. Akiliya tana bin wannan doka, sai dai ta ɗaya gefen: ita gajeren dare take jira. A ƙasashenta yini yakan kai awa 15 ko 16 a tsakiyar shekara, kuma a lokacin take miƙe kara ta yi fure. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, yininta mafi tsawo a watan Yuni bai cika awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba kuwa kusan awa 11 da rabi ne. Saboda haka mutum yana iya shuka akiliya ta kama, ta yi ganye shar, ta baje a ƙasa wata da watanni, amma ta ƙi miƙe kara. Wanda bai san dalili ba sai ya ƙara mata taki da ruwa, kuma wannan ne zai kashe ta.

Maganin abin fitila ce, kuma dabara ce da masu noman fure na kasuwa suka daɗe suna amfani da ita a kan tsirran da ke son dogon yini. Ana rataye ƙwan lantarki kamar mita 1 a saman shukar, a kunna shi daga magariba zuwa ƙarfe 10 ko 11 na dare, ta yadda hasken rana da na fitila za su haɗu su kusanci awa 16. Wata hanyar ita ce a katse daren a tsakiya, a kunna daga ƙarfe 10 na dare zuwa ƙarfe 2, domin abin da tsiron ke aunawa shi ne tsawon duhun da bai yanke ba. Ba haske mai ƙarfi ake nema ba. Idan mutum zai iya karanta jarida a daidai inda ganyen yake, ya wadatar. Abin da ake nema shi ne a yi kullum ba fashi, shi ya sa fitilar sola mai batir ta fi dacewa da dogaro da wutar layi. A kula kuma kada hasken ya faɗa kan yakuwa ko wake ɗan gida idan suna kusa, domin su dogon dare suke so, fitilar za ta jinkirta musu fure.

Wuri da ƙasa

A zaɓi wurin da rana ke dukansa aƙalla awa 6, musamman ranar safe zuwa azahar. Idan akwai katanga ko bishiya a yamma da za ta tare ranar la'asar, ya fi kyau, saboda zafin Maris da Afrilu, lokacin da yakan wuce digiri 35. Inuwa mai yawa kuwa tana sa karan ya yi siriri ya kwanta.

Ƙasa ita ce inda ya kamata a daɗe ana tunani. Zariya tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, amma kusan duk yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, kuma mafi nauyinsa a Agusta. Ƙasar tudu a yankinmu tana yin ɓawo a sama idan ruwa ya doke ta, a wurare da dama kuma akwai marmara ko laka a ƙarƙashi da ke hana ruwa nitsewa. Saiwar akiliya ba ta jure zama cikin ruwa ko da na 'yan kwanaki ne. Ruɓewa take yi daga gindi, ganyen ya yi baƙi, a ja shi ya fito a hannu. Don haka fadama irin ta bakin Galma ko Kubanni, wadda ta fi ko'ina kyau ga tumatir da rake, ba wurin zamanta na dindindin ba ne. Mai lambun fadama da ke son ta sai ya ajiye ta a tukwane ko manyan bokitai masu huji, ya jera su a bakin kunya da rani, ya ɗauke su kafin ruwa ya sauka.

Kafin a yanke shawara a kan wuri, a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bar shi ya tsotse, sannan a sake cikawa. Idan ruwa na biyu ya ɓace cikin 'yan awoyi, ƙasar ta yi. Idan aka wayi gari yana nan, a nemi wani wuri ko a ɗaga fagen sosai. Ko a wuri mai kyau, ni shawarata ita ce a tayar da fage mai tudu, tsawonsa daga ƙasa kamar taƙi ɗaya ko fiye, a yi masa doro a tsakiya, a kuma fitar masa da hanyar ruwa a gefe. A haɗa bokiti biyu na ƙasar sama da bokiti ɗaya na yashin kogi mai tsakuwa, irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi, ba lallausan rairayi ba. Taki kaɗan ake sawa, kuma tsohon kashin shanu da ya gama ruɓewa ya koma baƙar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji da yuriya a bar wa masara su, domin akiliya da ta ƙoshi ganye take tarawa, karanta ya yi ruwa-ruwa ya faɗi da iskar farko, furen kuma ya ragu.

Iri da raino

Ba kowane nau'i ne ya dace da mu ba. Wasu ba sa fure a shekarar farko, sai sun ratsa sanyin da ba mu da shi, don haka a nemi waɗanda aka san suna yin fure a shekarar da aka shuka su, irin su Summer Pastels da Summer Berries da Colorado, waɗanda ke zuwa da launuka a gauraye. Wanda zai shigo da iri daga ƙasar waje ya tuna cewa hukumar NAQS, wato hukumar gwamnatin tarayya mai killace kayan noma don tare cututtuka, ita ce ke ba da izinin shigo da iri da tsirrai cikin Nijeriya. Irin ƙanana ne ƙwarai, akwai dubbai a cikin giram ɗaya, kuma zafi yana kashe shi da sauri, saboda haka a ajiye shi cikin kwalba mai murfi a wuri mai sanyi. Idan ana shakkar takardar ta daɗe a shago, a zuba 'yan ƙwayoyi a kan jiƙaƙƙen tsumma, a rufe da farar leda, a ajiye inda akwai haske, a ga nawa za su tsaga cikin mako biyu.

Lokacin shuka a Zariya shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke. Dalili kuwa irin ya fi tsirowa a zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba, kuma hunturu, da darensa mai sanyi da iskarsa busasshiya, shi ne lokacin da yanayinmu ya fi kusa da na ƙasashenta. Wanda ya bi al'adar gona ya shuka ta da ruwan farko zai sa jariran tsirrai su shiga Agusta ba su da ƙarfi.

Ledar fiya wata da aka yanke bakinta aka huda gindinta ta isa raino. A cika ta da ƙasa da yashi rabi da rabi, a tankaɗe na saman, a jiƙa ta sosai tun kafin a zuba iri. Sai a ɗiba da yatsu biyu a barbaɗa ƙwaya 4 ko 5 a kowace leda, a danna su da tafin yatsa su manne da ƙasa, kuma kada a rufe su, domin irin akiliya yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Nan ne mutane da yawa ke yin asara, saboda hannu ya saba da binne iri. Ban ruwa da bokiti zai wanke ƙwayoyin zuwa gefe guda, don haka ko dai a jera ledojin cikin faranti mai ruwa kaɗan su tsotsa daga ƙasa, ko a huda murfin gorar roba da allura a riƙa yayyafawa. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin awa kaɗan, shi ya sa ake shimfiɗa farar leda a sama, a ajiye a inuwa mai haske, a cire ledar da zarar kore ya bayyana, wanda yakan ɗauki mako 1 zuwa 2. Daga nan sai a lulluɓe wurin da tsohon gidan sauro, domin da rani ƙadangare da kaji ba sa barin ɗanyen tsiro, kuma ƙadangare ɗaya yana iya share faranti guda kafin a dawo daga masallaci.

Idan ganyen gaskiya, mai tsage-tsagen nan, ya fito, a rage su a bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kowace leda, a riƙa ƙara musu rana kaɗan-kaɗan. Bayan mako 6 zuwa 8 sun isa dashe. A dasa da yamma, a bar tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakani, ko da fagen zai yi kamar wayam a farko, saboda wannan tazarar ce za ta bar iska ta ratsa su da damina. Kada a nitsar da gindin. Inda ganye ya haɗu da saiwa ya tsaya daidai da saman ƙasa.

A makonni biyu na farko a ba su ruwa kullum ko bayan kwana ɗaya, daga nan a riƙa ja baya har ya koma sau 1 ko 2 a mako, ana zubawa a gindi da safe, mai yawa a lokaci guda. Hanyar ganewa ita ce a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, idan da laima a haƙura. Wajen rufe ƙasa kuwa, kara da busasshiyar ciyawa suna jawo gara a yankinmu kuma suna riƙe danshi a gindi, don haka tsakuwa ta fi. Idan shukar ta kama ta yi ganye masu yawa, wajen mako 3 bayan dashe, sai a fara kunna fitila, a ci gaba har karan ya miƙe kuma kan furen ya bayyana sarai. Wanda ya shuka a farkon Nuwamba zai sa ran fure wajen Fabrairu zuwa Maris, daidai lokacin da kayan lambun rani ke neman ƙwarin barbara.

Da zarar kan fure ya fara komawa ruwan ƙasa, a yanke shi da almakashi zuwa inda wani reshe ke fitowa, domin hakan yana sa ta sake yin wani kuma yana hana iri zuba. A kan fure buɗaɗɗe ba a fesa maganin ƙwari ko kaɗan, in ba haka ba an tara ƙwari masu amfani ne an kashe su a wuri ɗaya. Idan dole ne a yi wa kayan lambun da ke kusa feshi, a bari sai dab da magariba bayan ƙudan zuma sun koma, a kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Darɓa takan hau akiliya kanta, amma ruwa mai ƙarfi daga gora yana zubar da ita.

Bazara da damina

A Afrilu shukar takan yi yaushi da rana tsaka, gefen ganyen ya ƙone. Idan da safe ta miƙe, lafiyarta lau, ba ƙarin ruwa take nema ba. 'Yar rumfar zana ko buhun albasa da za ta tare ranar yamma ta wadatar. Fitila kuma a kashe ta kafin ruwan farko, domin a lokacin shinge da sauran ƙwarin dare take tarawa, kuma ba a son shukar ta kashe ƙarfinta a kan fure tana shirin shiga watannin da suka fi mata wuya.

Kafin Yuli a yanke duk tsofaffin karare zuwa santimita 5 daga ƙasa, a tsince matattun ganyen da ke kwance a gindi, a gyara doron fagen inda ya zaizaye, a buɗe hanyar ruwa. Daga nan har ƙarshen Satumba ba ban ruwa, ba taki. Tukwane a ɗora su kan bulo a ƙarƙashin bakin kwano, inda haske ke samunsu amma mamakon ruwa ba ya dukansu kai tsaye. Ga waɗanda ke fage, ana iya kafa sanduna huɗu a ɗaura farar leda a sama kawai, a bar gefe a buɗe, domin idan aka rufe gefe zafi da danshi za su dafa su. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a leƙa, duk shukar da gindinta ya yi baƙi ya yi laushi a cire ta da ƙasar da ke kewaye a zubar nesa. Idan farin gari ya bayyana a kan ganye, alamar cunkoso ce da rashin iska, sai a yanke ganyen da ya kamu a rage yawan shukar. A shekarar farko, hikima ita ce a raba ƙafa, wasu a fage wasu a tukunya, ta yadda ko Agusta ta cinye na fage za a samu abin da za a sake farawa da shi.

Waɗanda suka tsallake damina su ne jarin mai lambu, domin sun nuna sun dace da wurin. A ƙarshen Oktoba a tone gindin da ya yi faɗi, a raba shi da hannu ko wuƙa zuwa kashi 3 ko 4, kowane da saiwarsa da tohonsa, a yar da tsakiyar da ta tsufa ta yi itace, a dasa na gefe a sabuwar ƙasa. Ana yin haka duk bayan shekara 2 zuwa 3, kuma wannan hanyar ce ke riƙe launin da ake so, domin irin da aka tara daga gauraye launuka ba lallai ya fito kamar uwarsa ba. A wannan lokacin ne kuma ake datse saiwar da ta ƙetare iyakar fage. Akiliya ta zama ciyawa mai naci a ƙasashen da aka kai ta kamar Ostareliya da Niyu Zilan, saboda haka kada a zubar da guntayen saiwarta a bakin rafi ko gona. A shanya su a rana su bushe tukuna.

Akwai hattara da bai kamata a tsallake ba. Ruwan ganyenta yana sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, don haka mai fata mai saurin kamuwa ya sa safar hannu wajen yanka. Tana cutar da karnuka da kyanwoyi da dawaki idan sun ci, kuma a gari irin Zariya, inda gidaje da yawa ke ɗaure doki saboda hawan sallah, dole ne a tabbatar yankakken ganyenta bai shiga cikin harawa ko ciyawar da ake kai wa turke ba. Mutanen Turai sun daɗe suna sa ganyenta a kan rauni don tsayar da jini, amma wannan ba dalili ba ne na dafa ta a sha ba tare da shawarar likita ba, mace mai ciki kuwa ta nisanci shanta gaba ɗaya.

Tun da akiliya ba ta fure duk shekara a nan, yana da kyau a haɗa ta da tsirran da ba sa buƙatar fitila, don kada ƙwarin da aka jawo su rasa abinci su watse. Ɗaɗɗoya da aka bari ta yi fure, da zogale a gefen shinge, da 'yan kawunan albasa ko karas da aka ƙyale suka yi iri, da riɗi da damina, duk suna cike wannan giɓi. A dasa su a fage daban, aƙalla taku biyu daga na akiliya, domin ruwa da takin da ɗaɗɗoya ke so sun fi ƙarfin saiwarta.